Kwali Mai Naɗaɗɗen Kunne

Hantsi bai gama ɗagawa ba wani dattijo ya shigo caji ofis yana dogara sanda, ya tsaya gaban kanta kamar mai shirin kiran sunayen ɗalibai. Hedimasta kowa ke kiransa, ko da yake ya daɗe da ajiye alli. Rabin 'yan sandan wurin sun taɓa shan bulalarsa, shi ya sa Saje, wadda ba ta cika miƙe wa mutane ba, ta miƙe.

"An yi mini sata," ya ce. "Kuma na san ɓarawon."

"Me aka ɗauka, Baba?"

"Masinja Mai Keke. Fitowa ta ɗaya zuwa ta tara."

Da ya ga ta yi sororo, sai ya ƙara bayani. Littattafan zane ne, irin masu hoto ɗaki-ɗaki, maganar mutum na fitowa a da'ira a saman kansa. Tun yana saurayi yake tara su. Saje ta cije leɓe don kada dariya ta kufce mata.

Sufeto ya fito daga ofishinsa riƙe da kofin shayi. Mutum ne mai sanyin jiki, abokan aiki na kiransa Sannu-Sannu a bayan idonsa, shi kuwa ya sani bai damu ba. Ya gaishe da tsohon malaminsa, ya ja masa kujera.

"Wa kake zargi, Malam?"

"Mai Aski. Shi ya taya ni sauko da katan-katan daga saman kabad. Ya daɗe yana haɗiye musu yawu. Ran Asabar motar makaranta za ta zo ta kwashe littattafan duka zuwa laburarensu, na ba su kyauta. In waɗannan tara ba su dawo kafin nan ba, ku rufe shi. Ni da shi kuma sai dai a lahira."

Sufeto ya ajiye kofin. Hedimasta da Mai Aski benci ɗaya suka zauna a aji ɗaya, kuma tun da Sufeto ya yi wayo bai taɓa ganin yammacin da ba su zauna tare a ƙofar shagon aski suna musu ba. Abin ya sosa masa rai. Littafi tara bai kai a jefar da irin wannan aminci ba.

"Saje, ɗauko hularki," ya ce.

Gidan Hedimasta ɗan ƙaramin bene ne mai matsattsiyar matakala. Ɗakin littattafan yana ƙasa, yana ƙamshin tsohuwar takarda da maganin gara. Katan-katan ne jere a kan benci, kowanne cike da littattafai a tsaye, bayansu na kallon sama. Tsakaninsu an sossoka fararen kwalaye masu kunne da ya ɗan ɗara tsayin littattafan.

"Waɗannan su nake kira shinge," in ji Hedimasta, muryarsa ta koma ta aji. "Da rula nake aunawa, da reza nake yankawa. A kunnen kowanne in rubuta sunan jerin da manyan baƙaƙe, a ƙasa in sa daga lamba kaza zuwa kaza. Na yaƙi daban, na ban dariya daban, na dabbobi daban. Kunnen wannan a hagu, na gaba a tsakiya, na gabansa a dama, don kada wani ya tare wani. Makaho ma in ya shafa ya san inda yake."

"Rajistarmu ma ba ta ga wannan gatan ba," in ji Saje.

Hedimasta ya nuna katan na ƙarshe. Bayan shingen da aka rubuta MASINJA MAI KEKE, lamba ta goma ce a gaba. Sufeto ya sunkuya. A gurbin littattafan da suka ɓata akwai wani guntun kwali a tsaye, babu rubutu a jikinsa, an naɗe kusurwarsa ɗaya ta sama. Ya zaro shi ya juya. Daga kwalin maganin hawan jini aka yanko shi.

"Wannan naka ne?"

"Allah ya kiyaye! Dubi yankan, da almakashi aka yi. Ni ba na naɗe kunne."

"To me ya sa waɗannan tara suka fi sauran?"

Hedimasta ya gyara tabarau. "Su ne mafi tsada. Sababbi fil, ko lanƙwasa babu."

Yana faɗa yana matsawa jikin tebur. Akwai wani sabon shinge a kife a wurin, kusa da rula da reza. Ya ɗauke shi da sauri ya cusa a aljihun riga. Sufeto ya gani, ya yi kamar hankalinsa na kan silin.

Aka ji takun mai saukowa daga bene, taka ɗaya hutu ɗaya. Matar gidan ce, wadda ake kira Maman Nas, saboda 'yarsu ma'aikaciyar jinya ce. Ta tsaya daga bakin ƙofa tana dafe da gwiwa.

"Sannunku da zuwa, 'ya'yana. Ashe da gaske ya je ya ɗebo hukuma a kan littattafan yara."

"Mama, kina shiga ɗakin nan?"

"Ni? In shiga in yi me? Ban taɓa buɗe ko ɗaya ba. Ya hana a share, ya hana a goge, ni ma na huta."

"Ba ki ga wani ya shiga ba?"

"Ina sama ina fama da gwiwata, wa zan gani?" Ta juya ga mijinta. "Amma Malam, ka bar bawan Allahn nan. Mai Aski ba ɓarawo ba ne."

"Ke dai ba ki san shi ba," in ji Hedimasta.

Shagon aski yana bakin titi, kujera biyu da madubi mai tsage a gefe. Labari ya riga su isa. Mai Aski yana zaune a kujerar masu aski, ya naɗe hannu, idanunsa sun yi ja.

"Ku tafi da ni kawai," ya ce. "Mutumin da na yi wa askin angonci kyauta, yau ni ne ɓarawonsa."

"Ba kama ka muka zo yi ba, Baba. Bayan ranar da ka taya shi sauke katan, ka ƙara shiga ɗakin?"

"Ko ƙofar ban kalla ba."

Sufeto ya miƙa hannu bayan gwangwanin hoda ya zaro wani littafin zane da aka lulluɓe da tawul. Fitowa ta talatin da wani abu ce ta Masinja Mai Keke. Saje ta yi tari.

Mai Aski ya sosa ƙeya. "To, aro ne. Aron da mai abu bai sani ba. In ya kwanta baccin rana, Maman Nas kan buɗe mini, in ɗauki ɗaya in karanta in mayar. Mun daɗe a haka. In na roƙe shi sai ya ce hannuna da man gashi."

"In ka ɗauka, kana barin wata alama a gurbin?"

"Alama kuma? Ni da nake so kada a gane? Cusawa nake yi duk inda ya shiga."

"Na ɗaya zuwa na tara fa?"

Mai Aski ya yi tsaki. "In sata zan yi, waɗannan zan sata? Ai su suka fi kowanne lalacewa. Duk an bi su da fensir, layi a ƙarƙashin kowace kalma, gefe-gefe an cika da rubutu kamar tafiyar kaza. Ɗaya ma shayi ya taɓa zubewa a kansa."

Sufeto da Saje suka dubi juna.

"Yallaɓai," in ji Saje da suka fito, "mai ƙara ya ce sababbi fil, wanda ake ƙara ya ce tsummokara. Mama kuma ta ce ba ta ga kowa ba, alhali ita ke buɗe ƙofa. Yau ko mutum ɗaya bai gaya mana gaskiya ba."

"Saura ɗaya," in ji Sufeto. "Mu je mu ji tata ƙaryar."

Sun sami Nas a barandar asibiti tana tura keken magani. Sufeto ya nuna mata guntun kwalin.

"Maganin Baba ne, ni nake kai masa," ta ce. "Amma Mama ma shi take sha, Baba Mai Aski ma haka. Kwalin nan ko'ina akwai shi."

"Yaushe rabonki da ɗakin littattafan?"

"Na manta. Ba na shiga."

"A bangon ɗakin na ga an ja layi da jan biro, an rubuta faɗin gado. Ga jan biro a aljihunki."

Nas ta dubi aljihunta, ta yi ajiyar zuciya. "To, na shiga na auna. Gwiwar Mama ta ƙi, likita ya ce ta daina hawa bene. Ban da falo, ɗakin nan kaɗai ne a ƙasa. Na yi ta jin nauyin yi wa Baba maganar, ashe ya riga ni. Shi da kansa ya ce a fitar da littattafan a sa mata gado. Ranar da ya faɗa, sai da na shiga banɗaki na yi kuka. Kun san yadda yake ji da su. Amma wallahi ban ɗauki ko ɗaya ba."

Ta ce su biyo ta, za ta karɓi fayil ɗin wani majinyaci. Suka tsaya a tagar ɗakin kati, inda fayil-fayil suka cika kanta daga ƙasa har rufi. Ma'aikaciyar wurin ta bi layi da yatsa, ta zaro fayil da hannun dama. Hannun hagu kuwa ya riga ya ɗauko wani guntun kwali daga aljihu, ya naɗe kusurwarsa, ya soka a gurbin. Ko kallon hannun ba ta yi ba.

Sufeto ya matso. "Baiwar Allah, wannan kwalin na mene ne?"

"Mai gadi ke nan," ta ce. "Fayil ba ya fita sai an bar masa mai gadi, don in ya dawo a san gidansa. Naɗin kuma don ya kama yatsa in ana lalube. Duk wadda ta yi aiki a ɗakin nan, ko cikin barci haka za ta yi."

"Wa ya kawo tsarin?"

Matar ta yi dariya ta nuna Nas da haɓa. "Tambayi wannan. Mamarta ce ta koya mana, ita ce shugabarmu har ta yi ritaya. In ka manta mai gadi, ranar sai ka gwammace kiɗa da karatu."

Nas ta buɗe baki, ta kasa rufewa.

Da la'asar Sufeto ya tara su duka a ɗakin littattafan. Hedimasta ya zauna a kujerarsa ya juya wa Mai Aski ƙeya. Mai Aski ya tsaya jikin taga yana kallon waje. Nas ta kawo wa mahaifiyarta kujera ta ajiye kusa da katan na ƙarshe, inda Sufeto ya nuna.

"Bincike ya kusa ƙarewa," in ji Sufeto. "Saje, shirya ankwa. Mama, don Allah miƙo mini lamba ta goma sha biyar, tana kusa da ke. Ina so in gwada wani abu."

Maman Nas hankalinta na kan ankwar da Saje ke kaɗawa. Ta bi layin da yatsa, ta zaro littafin ta miƙa. Ɗaya hannun ya lalubo ragowar kwali a kan tebur, ya naɗe kusurwa, ya soka a gurbin.

Sufeto ya ciro na aljihunsa ya ajiye kusa da wanda ta soka. Naɗi iri ɗaya, ɓangare ɗaya.

Ta dubi kwalayen biyu, ta dubi hannunta. "Kai, wannan hannu," ta ce a hankali. "Ka tona ni."

"Ke?" in ji Hedimasta. Sandarsa ta zame ta faɗi.

"Ni ce. Saje, mayar da ƙarfen nan, kada ki taɓa bawan Allah. Da ma ba zan bari a fita da shi ba. Suna cikin akwatina, ƙarƙashin zannuwa."

"To don me, Mama?" in ji Nas.

Maman Nas ta murza bakin mayafinta. Da ta fara magana, Sufeto ta kalla, don ya fi sauƙi.

"Ɗana, lokacin da na zo gidan nan ko sunana ban iya rubutawa ba. Matar malamin makaranta guda! In an kawo takarda sai in ce idona na ciwo. Rannan ya shigo ya same ni ina kallon hotunan masinjan nan ina dariya ni kaɗai. Ya ce, kin san me yake cewa? Na ce a'a. Bai yi mini dariya ba. Ya zauna ya ɗora yatsana a kan kalmar farko. Kullum in ya taso daga makaranta sai mu zauna, ina jan layi da fensir, ina kwaikwayon baƙaƙen a gefe. Kafin mu kai na tara na karanta shafi guda ba tare da ya buɗe baki ba. Daga nan na shiga ajin manya, daga nan na sami aikin asibiti. 'Yar nan ma ba ta san wannan ba."

Ta share ido da bayan hannu.

"Da na ji zai bayar da su duka saboda gwiwata, na ga yana ta yanka shinge yana rubutu, bai ce mini komai a kan waɗannan ba, sai na ce ya manta. Raina ya ɓaci, kunya kuma ta hana ni roƙo. Ni da na shekara ina ce musu littattafan yara, da wane baki? Ga shi ba na so jikokin mutane su ga rubutuna na kaza su yi dariya. Shi ne na ɗauke abina."

Hedimasta ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa.

"Malam," in ji Sufeto, "kai ma akwai bayanin da ka ba hukuma wanda ba daidai ba. Ka ce sababbi ne fil. Sannan akwai abin da ka ɓoye a aljihu da safe. A fito da shi."

Dattijon ya yi gunaguni, ya ce yaran yanzu ba su da kunya. Amma ya sa hannu a aljihu ya zaro shingen. An auna shi da rula, an yanke shi da reza, kunnensa a tsakiya. Ya miƙa wa matarsa ba tare da ya dube ta ba.

Ta riƙe shi nesa da ido, ta ɗora yatsa a ƙarƙashin rubutun, ta karanta a fili.

"Na ɗalibata. Ba a bayarwa."

"Shi na fara yankawa kafin kowanne," in ji Hedimasta. "Na bar shi sai ƙarshe, in an sa miki gado ki tarar da su a gefen filo. Na zo ɗauka na ga wayam. Da na sauran ne, wallahi ko ɗari aka ɗiba ba zan je wurin hukuma ba. In manta? Ni da har yau na san shafin da kika zubar da shayi?"

"Kai ka ture kofin," ta ce, tana kuka tana dariya.

"Ke kika ture."

Saje ta juya tana gyaran hular da ba abin da ya same ta. Nas kam ta bar hawayenta suna zuba.

Mai Aski ya yi gyaran murya. "To, ni ɓarawo zan iya tafiya, ko akwai sauran tuhuma?"

Hedimasta ya tashi da kyar ya je gabansa. Bai saba ba da haƙuri ba, sai da ya yi ta neman kalmar kamar wanda ya jefar da allura.

"Na zalunce ka," ya ce. "Ka yafe mini."

"Sai na yi shawara."

"Daga lamba ta goma zuwa ƙarshe, na Masinja duka, ka kwashe. Makaranta ta yi haƙuri da sauran."

"Da shingen?"

"Da shingen. Amma ka riƙa wanke hannu."

"Ka ji shi ko!" in ji Mai Aski, yana kama hannun abokinsa da hannu biyu. "Gobe ka zo in rage maka wannan sumar, ka fara kama da wanda ba shi da aboki."

Nas ta hau sama ta sauko da littattafan a naɗe cikin zane. Sun yi laushi, gefensu ya yi baƙi da fensir. Maman Nas ta karɓa ta jera su daga ɗaya zuwa tara, ta sa sabon shingen a gabansu. Sannan ta ɗauki kwalin nan mai naɗaɗɗen kunne, na farko, ta miƙa wa Sufeto.

"Riƙe, ɗana. Fayil ya dawo gida, mai gadi ya tashi daga aiki."

Sufeto ya karɓa ya sa a aljihu. "Mama, kin amsa laifinki a gaban shaidu. Doka ta ce a tafi da mai laifi. Sai dai ɗakinmu na tsarewa ba shi da kujera mai kyau, don haka na damƙa ki a hannun mai ƙara. Malam, ka iya da ita?"

"Na daɗe ina fama," in ji Hedimasta.

Ya ba Nas sandarsa, ya rungume littattafan da hannu ɗaya, ya kama gwiwar hannun matarsa da ɗayan. Ya tasa ta gaba zuwa falo, taka ɗaya hutu ɗaya. Sufeto da Saje suna bakin ƙofar gida suka jiyo muryarsa ta koma ta aji.

"Zauna nan. Buɗe shafin farko. Mu gani ko kin manta."